Jar Hula ga Dutsen Bakin Hanya

'Ya ɗaya gare ni, kuma duk wanda ya san ni ya san ba a taɓa ta a kwana lafiya. A nan garin Clinton, nesa da gida, ta girma, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Da ta gama jami'a sai ta tafi Japan koyar da yara a wani ƙauye mai gonakin shinkafa, kuma maimakon ta dawo, sai ta auri ɗan ƙauyen. Na yi faɗa har na gaji, daga baya na ɗinka anko na tafi biki.

A wannan zuwan na fara ganin duwatsun. Uwar mijin, wata tsohuwa 'yar firit mai saurin tafiya, ita ta zaga da ni garin. A mararraba, a gindin gada, a gefen gona, ko'ina ga ƙananan duwatsu da aka sassaƙa da siffar jarirai, ruwan sama ya shafe fuskokin wasunsu. An ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, wasu har da hula. Tsohuwar tana rusuna wa kowanne. Ni kuwa na ɗauke kai, a raina ina cewa yau na ga gumaka da kayan sanyi.

Bayan 'yan shekaru 'yata ta samu ciki. Ya kai watan haihuwa, ɗan ya mutu a ciki. Ni nas ce a ɗakin haihuwa, na riƙe hannun matan da wannan abu ya same su ba adadi, amma ranar da ya faɗo kan tawa ina wata duniya. Na je, hutun da aka ba ni ya ƙare, na dawo. Daga nan ta daina ɗaukar waya. Mijin ya ce ba ta cin abinci, ba ta fita. Na ji tsoro ƙwarai, don na san inda irin wannan shirun yake kai mace.

Matan zumuntar cocinmu sun zo mini gaisuwa, yawancinmu daga kudancin Kaduna da Filato. Kowace ta ce, "Allah ya kawo rayayye," aka yi addu'a, aka sha shayi. Haka muke yi a gida. Ɗan da bai yi kuka ba, ba a raɗa masa suna, maza su ɗauke shi a zane, uwar ba ta tambayar inda aka sa shi. A ce mata ta yi haƙuri, ta tashi ta ɗora tukunya.

Wata ranar Asabar ina wanke kwanuka, sai ga kiran 'yata. Da Hausarta mai tangal-tangal ta ce, "Mama, ki saƙa mini hula. Ja. Ƙarama."

Ta ce surukarta ce ta ja hannunta zuwa dutsen gindin gada. Mutanen garin suna cewa duwatsun nan ke kula da matafiya da yaran da suka rigayi iyayensu, shi ya sa uwar da ta rasa ɗa take ɗinka musu hula. "Ba sujada nake yi ba, Mommy," in ji ta. "Wurin zama kawai nake so, inda ba za a ce mini in manta ba."

Tun rasuwar ba ta roƙe ni komai ba sai wannan. Ranar na sayo jan ulu.

Muna taron zumunta a falon uwar zumuntarmu a Upper Marlboro, kuma dama mukan saƙa wa jariran asibiti huluna muna hira. Na fito da kwarashina na ci gaba da aikina. Uwar zumunta, babbar mace mai ido kamar na kwastan, ta tambayi ta wane jariri ce. Da na so, da na ce ta asibiti ce, magana ta mutu. Amma ban ga abin ɓoyewa ba, na faɗa mata yadda yake.

Ta cire tabarau ta ce, "Sista, da hannun da kike ɗagawa a gaban Ubangiji za ki saƙa wa gunki hula? Iyayenmu sun fasa irin waɗannan a garuruwanmu kafin su karɓi baftisma."

Na ce, "Mama, na san abin da iyayenmu suka fasa. Ba na yi wa dutse addu'a, ita ma ba ta yi. Amma da kuka zo mini gaisuwa, akwai wadda ta tambayi ko namiji ne ko mace? Tsohuwar da kike kira mai bautar gunki ita ta fitar mini da 'ya daga ɗaki."

Ta ce sai na ajiye ba da waƙa a zumunta har in sake tunani. Waƙar nan ina son ta kamar raina, kuma abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na ce to. Ban tashi na fita ba kuwa, na zauna a kujerarta mai laushi na ƙarasa bakin hular a gabansu.

Har yau ba a mayar mini da waƙar ba. Wasu suna gaishe ni da bakin hanci, wasu suna kirana a ɓoye su ce in ba da haƙuri a wuce wurin. Ban ga laifin da zan ba da haƙurinsa ba.

Da saƙon ya isa Japan, 'yata ta kira ni da bidiyo daga gindin gadar. Ta ɗan yi kumari, iska na kaɗa mata gashi. Ta sa wa dutsen hular, ta gyara ta a kan goshinsa, sannan ta ɗaga wata hular ta biyu ta ce, "Mama, ai ɗaya na ce. Me ya sa biyu?"

Ban taɓa faɗa mata ba, don ni ma haka aka koya mini. Kafin ita, a gida, na haifi namiji da bai yi kuka ba, kuma har yau ban san inda aka sa shi ba.

Na ce, "Ta yayanki ce. Ki sa wa na kusa da shi."