Kazar Inna da wuƙar da ta ƙi kaifi

Shekarun baya, lokacin jiharmu ta Zamfara tana sabuwa kuma ba a daɗe da fara Shari'a ba, na sami aikin koyarwa a wata firamare a Ƙaura Namoda. Ni ne farkon mai albashi a gidanmu, don haka kaina ya ɗan kumbura. Duk hutun da na koma ƙauyenmu kusa da Shinkafi sai na nemo abin da zan gyara, ko ba a sa ni ba.

A wani hutu na bazara idona ya faɗa kan akurkin kajin mahaifiyata. Rufin ciyawa ne da shi, ya tsufa. Na yaye shi na buga wa akurkin guntun kwanon rufi da na ɗauko tun daga Ƙaura, na tsaya ina jiran yabo. Inna ta dube shi ta ce, "To, an gode, Malam." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, kuma tun da na fara aiki ta laƙaba mini Malam, rabi girmamawa rabi tsiya.

Kaza ɗaya ce ta rage a akurkin, wata wake-wake, bayan annoba ta share sauran. Ba kaza ce kawai ba a wurin Inna. Asalinta daga wadda kakata, mahaifiyar Inna, ta ba ta ne ranar da aka kawo ta gidan aure, kuma kakar tawa ta riga mu gidan gaskiya. Idan wannan ta tafi, irin ya ƙare. Ga shi tana kwanci a kan ƙwai.

Kwana uku da gyarana, ranar wata Alhamis, aka yi zafin da ko inuwa ba ta zaunuwa. Bayan azahar na ji salatin Inna. Na fito na tarar da ita riƙe da kazar: baki a buɗe tana haki, fukafukai a sake, wuya ya langaɓe. Kwanon nan nawa ya mai da akurkin tanda, ita kuma baiwar Allah ta ƙi tashi daga kan ƙwanta.

Inna ta shiga madafa ta fito da wuƙa. "Amshi, Malam. Yanke ta tun ba ta yi mushe ba. Maza duk sun tahi kasuwa, kai ɗai an namiji cikin gida."

A nan ne asirina ya kusa tonuwa. Da gemuna da komai, ban taɓa yanka ko tantabara ba. Jini in na gani jiri nake ji. Kullum aka zo yanka sai in tuna ina da uzuri a waje. Amma yaya malamin makaranta zai gaya wa mahaifiyarsa yana tsoron kaza?

Zamanin kuwa kowa ya zama malami, rediyo ba ya rabuwa da wa'azi. Sai na tattaro ɗan abin da na tsinta. Na taɓa bakin wuƙar na ce, "Inna, wagga ba ta da kaihi, sai an wasa ta. Kuma malamai sun ce ba a wasa wuƙa gaban dabba, kuma a ba ta ruwa kahin a yanka."

"Gaskiya na," in ji ta. "Yi yadda anka ce."

Na kai kazar bayan randa, don kada ta ga wuƙa, na kwantar da ita kan danshin yashin da randar ke zaune a kai. Na tsoma yatsa a moɗa na ɗiga mata ruwa a gefen baki, ɗigo ɗaya, biyu, uku. Sannan na koma gindin bedi, wato dogon yaro, na tsuguna gaban dutse na kama washi.

Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. In wasa wannan gefe, in juya, in gwada a gashin hannuna, in girgiza kai. Gumi har cikin ido. Can Inna ta ce daga bakin ɗaki, "Malam, takobi kaka yi muna?" Na ce saura kaɗan. Na je na ƙara wa kazar ruwa, na dawo na ci gaba.

Zuwa na huɗu na ga ta haɗiye da kanta. Zuwa na gaba na tarar ta ɗaga kai, ta tura ƙirjinta cikin yashin. Na kira Inna da muryar da ban san ina da ita ba. Ta zo ta duƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Aje wuƙag ga, ɗauko min buhu."

Ta jiƙa buhun ta rataya ta gefen da iska ke shigowa. Ta dama ruwan gero tsararo da ɗan gishiri muka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ni kuwa ba wanda ya ce mini komai, na ɗauki guduma na ɓamɓare kwanona, ya ƙone mini tafin hannu, na ce na cancanta. Kwana biyu kazar na bayan randa, ba mai ɗiban ruwa sai ya yi sanɗa. A na uku ta tashi ta kai wa ƙafata sara, na ji daɗin saran nan har raina. Ƙwan duk sun lalace, amma da damina ta sake kwanci ta fito da 'yan tsaki bakwai.

Na daɗe ina taƙama a zuciyata cewa dabarata ce ta cece ta. Sai bayan na yi aure, ranar wata Sallah, matata ta miƙo mini zakara da wuƙa a gaban Inna. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ɗiyata, kai ma maƙwabci. Wanga ko ƙadangare bai iya yankawa." Na ce ashe ta sani? Ta ce, "Ni na haihe ka. Rannan tsohon maƙwabcinmu na nan gida, bai tahi kasuwa ba. Da yanka nika so, shi zan aika ma. Kuma wuƙa ukku gare ni, na ɗauko wadda ko kuɓewa ba ta yankawa."

Ashe ita ma zuciyarta ba ta iya jure yankan ba. Ba ta son kazar uwarta ta mutu mushe a ce ta yi sakaci, ba ta kuma son ta ga an yanka ta. Sai ta damƙa ta ga mutumin da ta tabbata zai ɓata lokaci. Kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini kwanona ne ya jawo ba.

Har yau in na tuna sai in ji godiya ta cika ni: ga Allah da ya sa tsorona ya yi amfani, da Inna da ta rufa mini asiri shekara da shekaru. Allah ya jiƙanta. Jikokin wake-waken nan suna tsakar gidana yanzu, akurkinsu rufin ciyawa ne, kuma bayan randarmu nasu ne duk bazara. Yanka kuwa har gobe maƙwabci ke yi mini.