Hoto Na Goma Sha Biyu

Leonidas Gavalas ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar hoto a tsibirin Amorgos, bai taɓa sa fim mai launi a kyamararsa ba. Hoton biki da na fasfo ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana ga tatsuniyoyin Girkawan dauri. Sai ya yafa wa maƙwabta zanen gado, ya tsayar da su kan duwatsu, ya mai da su alloli. Har matar mai gidan burodi ta taɓa zama sarauniyar sama.

A bazarar 1974 ya lallashi Zannis masunci, wanda bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ya fito a matsayin mai fiton da ke ƙetarar da matattu. Leonidas ne babban abokin ango a bikinsa, shi ya sa suke kiran juna kumbaro. Ya lulluɓe shi da baƙin bargo har fuska.

"Mutuwa ba ta da fuska, kumbaro. Rufe hancin nan!"

"Hancina ya fi kyamararka daraja, tsohon banza," in ji Zannis.

Da kaka Zannis ya rasu. Fim ɗin ya zauna a aljihun tebur, Leonidas ya kasa taɓa shi.

Saura kwana uku addu'ar arba'in, Marigo matar marigayin ta shigo shagon.

"Kumbaro, kowane kabari da hoton mai shi, ban da na mijina. Kai kaɗai ka taɓa ɗaukarsa. Ba ni fuskarsa."

Leonidas ya tuna da hannunsa ya rufe fuskar nan. Ya ce ta zauna. Ya shiga ɗakin duhu, ya wanke fim ɗin, ya ɗaga shi yana ƙirgawa. Na ɗaya, bargo. Na biyar, bargo. Na goma sha ɗaya, bargo da filafili.

Na goma sha biyu shi ne wanda ya zaci ya lalace tun ranar, don iska ta yaye bargon daidai lokacin da ya danna, har ya zage ta. Ya buga shi a takarda, ya tsoma a ruwan magani. A hankali Zannis ya bayyana, baki buɗe, yana yi masa dariya.

Marigo ta karɓi hoton da danshinsa, ta daɗe tana kallo.

"Dubi ja'irin nan," in ji ta. "Ko gemu bai aske ba."

Leonidas ya jawo benci ya zauna.