Cokalin ruwan da ban ba jikana ba

Na ɗebo ruwa a cokali zan ɗiga wa jikana a baki, sai ɗiyata Hadiza ta riƙe mini hannu. Wankan jego ta zo yi gida, nan Ƙofar Durbi, da ɗan littafin shayarwa da aka ba ta wurin awo.

Na ce, "Cikin zafin nan za ki hana shi ruwa? Takarda za ta koya mini reno? 'Ya'ya tara muka haifa da marigayiya uwarki."

Ta ce, "Yi haƙuri, Baba. Littafin ya ce nono kaɗai ya ishe shi har wata shida. Ruwan ne kan jawo wa jariri gudawa."

Sai na tuna cewa cikin taran, uku gudawa ta tafi da su kafin yaye. Da hannuna na rufe su.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma har yanzu ina jin haushin yadda aka daina shawara da ni a gidan nan. Amma na zubar da ruwan, na ce ta karanto mini tun daga farko.

Ku da kuka yi boko, me kuma aka rubuta da ba a gaya mana ba?