Mikoro a Wuyan Rigata

Tun ranar da aka koya wa fim magana, ɗan Adam ya rasa inda zai yi hassadarsa cikin kwanciyar hankali. Na shaida haka da kaina a bayan wani aji, a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Tawa.

Mu malamai, da ake kira Mushe irin na Faransanci, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma shekara da shekaru ni nake fitowa maigari. Da aka ce mai kamara zai zo ya ɗauki wasan, sai darakta ya ɗora rawanin a kan abokina, malamin lissafi, Kirista daga kudu, wanda matarsa ke aiko mana da shinkafa da kaza duk Kirsimeti. Ni aka ba ni ɗan aike: jimla huɗu da durƙuso biyu.

Na sha kallon tsofaffin finafinan baƙi da fari, inda ɗan wasa mai ƙyashi ke ƙarewa a kunyace gaban jama'a. Dariya nake masa.

Ranar ɗauka aka maƙala mini mikoro a wuyan riga. Da aka ba da hutu na zagaya bayan aji, na faɗa wa bango abin da ke raina: muryar abokina kamar ta akuya, rawanin ya fi kan da ke cikinsa hankali, Allah ya dushe maƙogwaronsa kafin la'asar. Na yi bayani dalla-dalla, har da misalai, yadda aka horar da mu. Sai na sunkuya na ga abin a ƙirjina.

Na koma wajen mai kamara.

"Mushe, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Tun sahe ban kashe ba. Komi ya shiga."

Mako uku tuwo bai wuce mini wuya ba. Na tsara neman gafara da Hausa, na sake tsarawa da Faransanci, har na fara rubuta takardar a mayar da ni lakwal ɗin garin Barmu. Abokin nawa kuwa kullum sai ya tsayar da babur: "Mushe, ka rame hwa! Hau mu tahi likita."

Ranar kallo aka toshe tagogi da tabarmi. Darakta da iyayen yara suka zauna, matar abokina a layin gaba. Mai kamara ya yi alfahari cewa bai yanke komai ba, shi ma yanzu zai fara gani. Na zauna kusa da ƙofa, gumi har cikin takalmi.

Maigari ya fito, ya gyara rawani, ya buɗe baki. Shiru.

Ashe tun safe mai kamara bai jona wayar sauti ba.