Yadda gaisuwata ta kusa mayar da jikata shagon atamfa

Mun tashi daga unguwarmu Zongo, a Wagadugu, ana fitowa daga sallar asuba, ni da jikata a kan moto guda, wato babur, ita tana tuƙi, ni a baya rungume da jakar ordinatarta, wato kwamfuta, kamar an ba ni riƙon jariri. Masu bina a wannan shafi sun san na daina doguwar tafiya tun da gwiwa ta fara yi mini gardama. Wannan karon ba ni da zaɓi. Bobo za mu, kuma dalilin yana da nauyi, a wajenta dai.

Ga yadda abin yake. Yarinyar ta gama karatun ordinatar, ta zauna a gida tana ƙera wata aplikasiyo ta salula, wato manhajar wayar hannu, saboda 'yan goro. Mai aiko da huhun goro daga Bobo zai shigar da shi a ciki, direba ya ɗauko, in ya iso Wagadugu ya buɗe shafin huhun ya ga sunan wanda zai miƙa wa. Ubanta, wato ɗana, yana da shagon atamfa a kasuwar Sankaryaare, kuma ya gaji da ganinta tana faɗa da na'ura daga safe har yamma. Sai ya yanke hukunci: ta je ta nuna wa dattawan 'yan goron Bobo. In sun karɓa ta ci gaba, in sun ƙi ta zo shago ta riƙe almakashi, magana ta ƙare. Ni kuma aka haɗa ni da ita don na yi fataucin goro da ƙuruciya, shugabansu ya san fuskata. Aikina shi ne in gabatar da ita, sannan in yi shiru. Na ce musu na farkon na iya.

Mun ajiye moto wajen wani ɗan uwa a unguwar Gounghin, muka shiga tasha. Na sha shayi da burodi a tsaye. Burodin yanzu ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Motar kuwa doguwa ce mai sanyi a ciki, kowa da lambar kujerarsa. A zamaninmu a kan kaya muke zama, in mota ta karkata ka riƙe igiya ka riƙe salati. Yanzu sanyi ake sayar maka har sai ka roƙi a rage.

Hanyar Bobo tana da kyau inda take da kyau. An sauke mu a shingen bincike, kowa ya fito da katinsa. Jandarman ya dubi hotona, ya dube ni, ya sake duban hoton. Na ce masa wancan ƙanena ne, shekaru suka raba mu. Bai yi dariya ba, amma ya ba ni katina. Damina ta ja baya, dawa ta yi kai, itatuwan kaɗanya sun cika gonaki. A Sabou wani fasinja ya yi ta ba makwabcinsa labarin kadojin garin, wai ba sa cin mutum. Ban ga ya nemi a sauke shi ya gwada ba.

Kafin mu kai gadar Mouhoun jikar tawa ta karɓi salulata. Tsohuwa ce, gilashinta da tsagu a gefe, kuma da gangan ta zaɓe ta, don dattawan su ga abin nata yana aiki har a irin wayarsu. Ta buɗe shafin wani huhu da za a kai wa wata Hajiya a unguwar Paspanga ta Wagadugu, ta ce in riƙe, in saba da ganinsa.

A Boromo mota take tsayawa a huta. Mata suka kewaye mu da alewar riɗi da dafaffen ƙwai da ayaba, masu gashin kaji da zabi suna fifita wuta suna kira. Ina cikin cinikin zabuwa sai ga wani tsohon direba mutumin Nijar, wanda ya sha ɗauko mini kaya a da. Na sa waya a aljihu, muka gaisa. Na tambayi iyalinsa, ya tambayi nawa. Na tambayi gajiya, da gwiwa, da ruwan bana a wajensu, ya tambayi Zongo gida gida. Muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun rabuwarmu, kuma suna da dama. A tsakiya ɗana ya kira yana tambaya ina muka kai. Sai da direbanmu ya matsa oda muka saki hannun juna.

Da na zauna na ciro waya. Shafin huhun yana nan, amma sunan da ke kai na wani mahauci ne a Gounghin.

"Amarya," na ce, don da haka nake tsokanarta tun tana goye, "Hajiyar taki ta koma sayar da nama."

Ta fizge wayar. "Yaaba, me ka taɓa?" Yaaba shi ne kaka a bakin Mosi, kuma in ta kira ni da shi da ƙarfi, to abu ya ɓaci.

"Hannun mutum na taɓa. Gaisawa muka yi."

"Har tsawon yaushe?"

"Har muka gama."

Ta yi wata magana da Faransanci wadda ba a koya mana ba a 'yan shekarun da na yi a lakwal, wato makarantar boko. Ta dafe goshi. Sannan ta buɗe ordinatar a kan cinya, ta soma yi mini bayani, ko da yake na lura kanta take yi wa, ni kunne kawai na ba da aro. Zan faɗa muku yadda na ji, masu ilimi su gyara a zuci.

Kowane shafi na aplikasiyo yana da wani wakili a bayansa da ba a gani, shi yake riƙe da abin da shafin yake nunawa. Sunansa viyumodel. Ba ita take tada wakilin nan ba, salula ce take tada shi da kanta, kuma ta saba tada shi hannu wofi. Sai yarinyar ta yi dabara: in wakili ya tashi, shafin da aka baro ya raɗa masa lambar huhun. Muddin mutum bai ajiye waya ba, dabarar tana tafiya daidai. Amma waya irin tawa cikinta ƙarami ne. In ta daɗe a aljihu, ga kira ya shigo, sai ta kori aplikasiyon don ta sami wurin numfashi. Da ka dawo sai ta tada sabon wakili. Shafin da ke yin raɗa ya tafi, babu mai gaya masa komai. Shi kuma wakilin, don kada a gan shi tsaye haka kawai, sai ya kama huhun da ya fara cin karo da shi. Mahauci ke nan.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa ganin haka ba. Ta ce wayarta babba ce, ba ta korar kowa. Ni na ƙara mata dalili na biyu kyauta: su yaran yanzu gaisuwarsu "sa va, sa va" ce, an gama, waya ba ta ma lumshe ido ba. Amma direban da ya kawo goro da mai karɓar goro ba za su miƙa wa juna kaya kamar ɓarayi ba. Sai sun gaisa. Ashe kowane huhu da aka aiko yana iya ƙarewa a wajen mahaucin nan. Ta dube ni, na ga almakashin ubanta a idonta.

Maganin, in ji ta, shi ne a daina raɗa. A rubuta wakilin yadda ba zai tashi ba sam sai da lambar huhu a hannunsa. Wurin da ake haifarsa sunansa konstriktar, abin da ake damƙa masa a nan kuma argiman. Wahalar ita ce salula ba ta iya tada wakili mai sharaɗi ba. Dole a rubuta mata wani ɗan abu da suke kira fabrik, wanda zai ɗauko lambar daga jikin shafin kansa, inda waya ba ta mantawa ko ta kori aplikasiyo, ya damƙa wa wakili tun kafin ya buɗe ido. Na ce wannan ai ungozoma ce. Ta ce in kira shi abin da na ga dama, in dai zan riƙe mata wayar da hannu biyu.

Daga nan har Houndé aikin da na yi ke nan. Hanyar ta wajen tana da ramuka, manyan motoci sun cinye gefenta. Duk ramin da muka faɗa sai yatsarta ta buga harafin da ba ta nufa ba. Gonakin auduga sun fara fari. Mutumin da ke kujerar gefe ya yi ta leƙe, ya tambaye ni ko wasa take yi, na ce e, wasan da ake cin shago a kansa. Rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Da ta gama ta tura sabon a wayata, ta buɗe, sai aplikasiyon ya rufe kansa nan take, ko mahaucin ma babu. Na ce an samu ci gaba, yanzu ba ya ƙarya. Ta ci gaba da bugawa. Jim kaɗan batirin ordinatar ya mutu, ta rufe, ta zuba wa taga ido har muka shiga Bobo.

Bobo gari ne mai inuwa. Manyan itatuwan mangwaro sun rufe tituna, mutanensa suna magana da Julanci a hankali kamar ba su da inda za su. Mun sauka gidan wani ɗan tsohon abokina, aka kawo mana aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi da barkono. Ni na ci nawa na taya ta nata, don ita tana gindin soket. Kafin la'asar ta gano matsalar. Ta rubuta ungozomar lafiya lau, amma ta manta ta gaya wa shafin ya kira ta, sai waya ta je tada wakili yadda ta saba, shi kuma ya ƙi tashi. Layi guda ne, ta ce. Na ce yawancin abin da ke mayar da mutum shago layi guda ne.

Washegari da hantsi muka je rumfar 'yan goro. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganye da buhu ya tarbe ni tun daga nesa, na ji kamar in tambayi farashi. A bakin rumfar ta ja hannun rigata.

"Yaaba, yau ina so ka gaisa. Kada ka rage komai."

"Jiya kin ce ni na ɓata miki aiki."

"Ka sake ɓatawa in ka iya, angona."

Ta durƙusa ta gaida dattawan, ta buɗe shafin Hajiyar Paspanga, ta nuna wa shugabansu sunan, ta ajiye wayar a kan tabarma a gabansa. Ni kuma na shiga aiki. Ban taɓa gaisuwa da niyya irin ta ranar ba. Na tambayi matansa da 'ya'yansa da jikokinsa, na tambayi hawan jininsa, na tambayi wani jakinsa da na san ya daɗe da mutuwa. Shi ma bai bar ni ba. Sauran dattawan suka shigo, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka fasa goro. Wayar ta yi duhu tun tuni. Shugaban bai tsaya nan ba. Ya ɗauke ta, ya ce bari ya gaida ƙanensa da ke Wagadugu tunda ga waya ta samu, ya yi hirarsa da kuɗin kirana. Jikata tana zaune a gefe, hannunta a cikin mayafi, na san yatsunta take murzawa.

Da ya gama ya koma kan aplikasiyon da kansa. Ya kwantar da wayar a gicciye, ya miƙar da hannu nesa da ido yadda muke yi, ya karanta a hankali. Hajiya ce, ta Paspanga.

Ya ce goro ba ya son kwana a hannun da ba nasa ba, abin da ya dame su ke nan, ba wai waya ba. Suka yi shawara da Julanci, ni ina kama rabi. Ƙarshe suka ce za su gwada da wasu direbobinsu har ƙarshen kakar bana, in ba a kai kayan wani gidan wani ba, a zauna a yi magana.

A dawowa ta yi barci tun daga Houndé, kanta a kafaɗata, ta bar ni da sanyin mota. A Boromo na sayi alewar riɗi ta tsaraba, ban ga kowa da na sani ba, na koma kujerata da wuri har direba ya yi mamaki. Mun shiga Zongo gab da magariba, ubanta yana zaune a ƙofar gida.

"Baba, sun karɓa?" in ji shi.

"Sun ce gwaji."

"Gwaji ai ba karɓa ba ne."

"Ka ce in sun ƙi. Ka ji na ce sun ƙi?"

Ya nemi ƙofa a cikin maganarsa, bai samu ba. Almakashi yana nan a hannunsa har ƙarshen kaka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa, don kaina ya cika tun da daɗewa. Wanda za ka aika, ka gaya masa kayan wa ya ɗauka tun yana tsaye a gabanka, kada ka bari sai ya fita ka bi shi da kira. Kuma duk wanda zai ƙera wa mutanenmu wani abu, ya sa tsawon gaisuwarmu a cikin lissafinsa. Ni dai na sami sabon muƙami. Duk lokacin da ta gyara wani abu sai ta kawo mini waya, ta ce in sa a aljihu in je in gaida makwabcinmu. Jiya da ya hango ni tafe da hannu a aljihu, sai ya shige gida, ya aiko matarsa ta ce mini yana wanka.