Murfin Fulas ɗin Gwaggo

Shekarar da aka buɗe cibiyar koyon na'urori kusa da Ƙofar Sauri, ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Makarantu biyar aka haɗa mu kan kaya ɗaya: 'yan mutum-mutumi huɗu masu taya, kowanne bai fi kwanon sha ba, da wata na'ura da ake ce wa firinta. Ita ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take narkawa tana ɗora shi layi bisa layi, kamar mai ginin tukunya, har abin da ka zana a kwamfuta ya tsaya a gabanka. Kowace makaranta da ranarta, mu Laraba aka ba mu.

Ni aka naɗa in riƙa kai ɗalibai, don shugabarmu ta taɓa ganin na gyara rimot na talabijin ɗin ofis. Batir kawai na canja.

Damuwarmu ita ce malamin makarantar maza, mai ranar Talata. Mutumin kirki ne, amma ya ƙudura sai ya ƙera hasumiyar Gobarau mai tsawon kamu guda, firinta kuwa ba ta san sauri ba. Duk Laraba sai mu iske ta tana gurnani kan aikinsa, shi kuma yana zaune gefe.

"Malama, a yi haƙuri, saura ƙiris."

"Malam, makon jiya ma ƙiris ya rage."

"Ai wancan ana hawa na biyu aka ɗauke wuta."

Dole mu koma wasa da mutum-mutumin, waɗanda aikinsu bin baƙin layi ne a ƙasa. Akwai ranar da ɗaya ya bar layinsa ya kama gefen baƙar abayata, ina ja da baya yana bina, 'yan mata har da riƙe ciki.

Ana haka labari ya kai wa Gwaggo, yayar babanmu, a Ƙofar Kwaya. Tana da tsohon fulas da marigayi mijinta ya kawo mata daga Makka, murfin ya fashe, da tsumma take toshe shi. Ta aiko in zo.

"Ke ɗiyata, an ce kuna da injin da ke haihuwar kaya?"

"Ba haihuwa yake ba, Gwaggo, ƙerawa yake."

"Ko ma mi ne ne, ki ce ya yi mani murfi."

Aka yi sa'a makon nan Malam ya tafi ɗaurin aure Daura. Muka auna bakin fulas, na shigar da lambobin da hannuna, muka danna. Cikin minti goma aka gama, muna ta tafi. Da na ciro murfin, bai fi maɓallin riga ba. Wata ɗaliba mai ƙaramar murya ta ɗaga hannu.

"Malama, da santimita muka auna, ita kuma milimita take karantawa."

Na ce da ma gwada su nake yi. Suka kalli juna, abin da ya fi dariya ciwo.

Da Malam ya dawo ya ga maɓallin, ya daɗe yana tari cikin hannun rigarsa. Amma shi ya lura zanenmu ba shi da tsagin murɗawa, ya zauna da ɗalibaina suka gyara, ya kuma dakatar da hasumiyarsa don kansa. Awa huɗu ana bugawa. Murfi ya hau fulas ɗas.

Gwaggo ta sa mini albarka har na ji kunya. Ta dafa shayi, ta zuba, ta rufe. Kafin la'asar ta kira ni a waya.

"Murfin naku ya yi ruku'u."

Ashe irin robar da muke da ita ba ta jure zafi. Muka sake buga wani, na roƙe ta kada ta zuba komai sai mai sanyi. Fulas ya koma na zoɓo, duk baƙuwar da ta shigo kuwa sai an nuna mata murfin kafin a ba ta ta sha.

Da Laraba ta zagayo, maigadin cibiya ya leƙo ya ce ina da baƙi. Mata uku na iske a bakin ƙofa, ɗaya da fanka mai karyayyen fiffike, biyu da kuloli marasa mariƙi. Bayansu akwai wani dattijo da bai riƙo komai ba. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye shi abin da ya kawo, sai ya buɗe baki ya nuna mini giɓi.

"Baba, ba ma yin haƙori. Robar ma kore ce kawai ta rage mana."

Ya yi ɗan tunani. "Ai na can ciki ne, Malama, ba mai gani."

Da ƙyar na lallashe shi ya tafi asibitin haƙori. Matan kuma na shigo da su, 'yan mata suka ɗauko abin awo.