Rakiyar Gwaggo Ige

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina, a gidanta na Wurno. Har yau akwai tambayar da nake da-na-sanin rashin yi mata, kuma kwanan nan ta dawo ta addabe ni.

Lokacin da ƙodarta ta gaza aka fara kai ta Sakkwato wankin ƙoda, 'ya'yanta sun yi abin da duk ɗan kirki zai yi a wajenmu, wato suka hana ta komai. Matar da ta tsufa tana gyaran albasa da surfen gero, aka karɓe mata tsintsiya, aka karɓe buta, ko filo ta miƙa hannu za ta jawo sai wani ya riga ta. Ƙauna ce tsantsa. Amma kafin kaka ta yi, ƙafafunta sun soma rawa in ta miƙe. Ta taɓa ce mini, "Ɗiyata, mutuwa ta kowa ta. Ranar da za a ciccibe ni a kai ni ban ɗaki, ita nika tsoro."

Sai ta samo ƙofar da ba wanda ya isa ya rufe. Masu dubiya na zuwa daga Rabah, daga Achida, kuma duk wanda ya yi sallama zai tafi sai ta jawo mayafi ta ce bari ta taka masa. Babban ɗanta Umaru ya roƙe ta ta zauna. Ta ce, "Likita gishiri yah hana ni, da shan ruwa barkatai. Bai ce in yi rashin mutunci ba. Mutum shi taso tun daga Rabah, in bar shi shi hita kamar wanda anka kora?" Umaru malami ne, amma dole ya kauce ya ba ta hanya.

Da farko iyakarta bakin ɗaki. Daga baya ta kai turken awaki, ta huta, ta kai zaure. Washegarin wankin ƙoda, da jiki ke lakwas, bango take dafawa, amma sai ta taka. Maƙwabciyarta da katanga kawai ta raba su, ita ma rakiya ake yi mata safe da yamma, har muka fara zargin Gwaggo ce ke aikawa a kira ta.

Yanzu ina jin ma'aikatan lafiya na cewa mai wannan ciwo ya riƙa motsa jiki gwargwadon ƙarfinsa, bisa shawarar likita, domin yawan kwanciya na cinye naman ƙafa. Shin wani ne ya raɗa mata haka a asibiti, ko jikinta ne ya gaya mata? Ko kuwa da gaske girmama baƙo kawai take, lafiyar ta biyo baya? Tambayar da ban yi mata ba ke nan. Ina kuma son jin abin da za ta ce game da dubiyar yau, wadda ake aikowa ta waya a saƙon murya. Ta yaya ake raka murya?

Rakiya ba ta warkar da ƙodarta ba. Amma har makonta na ƙarshe da ƙafarta take zagayawa, ba wanda ya ɗauke ta. Allah ya jiƙanta.

Wana Bello yana Goronyo yanzu da irin ciwon, kwance, waya a kan ƙirji, 'ya'yansa na ta ƙaunarsa irin waccan ƙauna. Makon jiya na je duba shi. Da na tashi tafiya sai na tsaya a bakin ƙofa. Matarsa ta ce mu je ta taka mini, na ce ba wurinta na zo ba. Ya kalle ni ya yi dariya, ya dafa gado ya miƙe. Kafin mu kai zaure gumi ya jiƙa masa riga, ni kuma hawaye nake ɓoyewa. Ya jingina da ƙyaure yana mayar da numfashi, ya ce, "To, yaushe za ki komo?"